Gwaggo Mai Guga da Katangar Lungunmu

Ka taɓa tsayawa ka dubi igiyar shanyar gidanku, ka tambayi kanka me ya sa ta saki? Ni ban taɓa ba, sai da Gwaggona ta nuna min tata. Sarin ƙwai nake yi, ƙirga ta zame min jiki, ko mutane na gani jere a benci sai na san su nawa ne kafin in gaishe su. Amma ƙullin da ke jikin igiyar Gwaggo ba ni na fara lura da su ba. Ita ce, kuma tun daga ranar ban ƙara shiga lungunmu da kwanciyar hankali ba.

Gwaggo ƙanwar babana ce. Duk unguwa Mai Guga ake ce mata, har yaran da aka haifa jiya. Tana amarya ta zo lungun, mijinta mai gadi ne a wani sito. Da ya rasu ya bar mata 'ya ɗaya da dutsen guga na gawayi. 'Yar ta girma ta yi aure ta bi mijinta wani gari mai nisa, dutsen kuwa ya zauna. Da shi ta biya haya, da shi ta aurar da 'yar, da shi take ci har yau.

In kana son ganin aiki, ka tsaya bakin rumfarta da hantsi. Za ta fifita gawayi sai ya yi ja, ta zuba a dutsen, ta lashi yatsa ta ɗan taɓa gindinsa ta ji ya ce "cas". Sai ta tsoma hannu a kwano ta yarfa wa riga ruwa, ta bi wuya, ta bi hannu, ta bi baya, ta ninke ta ajiye. Ba ta rubutu, amma ba ta taɓa ba wani rigar wani ba. Kowace rana da masu ita: Litinin ma'aikatan asibiti, Alhamis malamin makaranta da iyalinsa. Bayan hannunta na dama duk tabon ƙuna ne, sabo a kan tsoho.

Sai dai Gwaggo matsoraciya ce, kuma ba ta ɓoyewa. Tana tsoron karnuka, tana tsoron tsallaka titi, tana tsoron ƙona rigar mutane duk da ba ta taɓa ƙonawa ba. Abin da ta fi tsoro shi ne ofis. Lokacin da mijinta ya rasu ta je karɓar wata takarda, wani mutum a bayan tebur ya daka mata tsawa a gaban jama'a. Ta fito ba takarda, ba ta kuma koma ba. Tun daga nan duk inda ta hango tebur da mutum a bayansa da biro a hannu, sai ta canza hanya. Babana yana tsokanarta, yana cewa ko allon ofishin 'yan sanda ta gani sai ta durƙusa ta gaishe shi.

Lungunmu a ƙasan babban titi yake. Titin ya bi ta sama, mu muna kwance a gindinsa, sai wata tsohuwar katanga ta dutse da siminti da ta tare ƙasar kada ta zubo mana. Tsayinta ya kai a ɗora ɗaki kan ɗaki. Gida talatin da ɗaya ne a lungun, amma ɗakuna shida ne a manne da gindin katangar, na farkonsu na Gwaggo. In tana tsaye a teburinta ta miƙa hannu baya, za ta taɓa katangar.

Wata safiya ina wucewa da kiret ɗin ƙwai a ka, ta kira ni.

"'Yar nan, zo ki gani."

"Gwaggo sauri nake, masu shago na jirana."

"Ƙwai ba ya gudu. Ke da ba kya gajiya da ƙirga, ƙirga min ƙullin nan."

Igiyar shanyarta ɗaya ce. Baki ɗaya a ɗaure da wani zoben ƙarfe a jikin katangar, ɗayan a ginshiƙin rumfa. Na bi ta da ido. Ƙulli biyar, a jere kusa da ginshiƙin.

"Biyar. Sai me?"

"Duk sanda ta saki, sai in ƙulle rarar. Bara ɗaya na yi. Sauran huɗun daga farkon shekarar nan ne."

"Igiya ce Gwaggo, miƙewa take yi."

"Tsohuwar wayar lantarki ce, ba ta miƙewa." Ta rage murya kamar katangar na jinmu. "Ba igiyar ce ta ƙara tsawo ba. Katangar ce take matsowa."

Na sauke kiret ɗin a hankali. Na ja da baya na ɗaga kai. Sai a ranar na ga cikin katangar ya turo kamar na mai juna biyu, da wata tsaga da ta taso daga ƙasa ta yi sama, wadda tafin hannu zai shige. Motar kaya ta wuce a titin sama, na ji ƙasa ta amsa a tafin ƙafata, 'yar ƙura ta zubo kan tebur. Gwaggo ta sa tsumma ta share ba tare da ta duba ba. Alamar ta saba. Damina kuwa saura ƙiris.

"Ki tashi daga nan," na ce.

"In je ina? Masu kayana nan suka sani. Ɗakin nan a ciki na haihu, a ciki aka yi wa mijina wanka."

A makon ne wata mota mai lasifika ta riƙa zagaya unguwa. Hukumar gari ta fito da wani tsari: a cikin kasafin kuɗin shekara an ware wa kowace shiyya kasonta, mutanen shiyyar ne za su zaɓi aiki ɗaya da za a yi musu da shi. Zama biyu za a yi a zauren hukuma. A na farko kowa ya kawo buƙatarsa, a ɗauki uku da suka fi samun goyon baya. A na biyu a fitar da ɗaya. Ina jin haka na ruga lungu, na shiga gida-gida. Kowa ya yarda katanga ce buƙatarmu. Kowa kuma ya faɗi abu guda: a tura Baba Direba.

Dole in yi maka bayanin wannan, don a kansa komai ya rataya. A lungunmu ba a zuwa wuri a tarwatse. In rasuwa aka yi a wata unguwa, ko ɗaurin aure, ko aka kama yaron wani aka kai ofishin 'yan sanda, mutum ɗaya ake turawa da yawun kowa, kuma Baba Direba ne. Tsohon direban babbar mota ne, ya fi kowa shekaru, ya fi kowa iya magana. In ya je, lungu ya je. In kuwa aka tura shi sannan wani ya bi bayansa ya shiga ya ce shi ma ga shi, to ya ci mutuncin tsoho, kamar ya ce bai isa ba. An taɓa yin wani tela da ya yi haka a wata gaisuwa, shekara guda ba wanda ya kai masa ɗinki.

Ranar zaman farko Gwaggo ta goge masa babbar rigarsa har tana ɗaukar ido. Ya tafi shi kaɗai da sandarsa. Ni na kai ƙwai wani shago kusa da zauren, sai na tsaya a taga daga waje. Ban shiga ba, ai an riga an shiga da sunana.

Zauren ya cika. 'Yan kasuwa sun zo da shugabansu, suna son a yi wa rumfunansu rufi. Masu babur sun zo garke guda, suna son fitilun titi. Wani mai kanti yana son a yi wa shataletale fenti a dasa furanni. Da aka zo kan Baba, ya miƙe ya yi magana mai ratsa jiki. Ya kawo tsagar, ya kawo yaran da ke wasa a gindin katangar, ya kawo damina. Har injiniyan hukuma ya gyaɗa kai ya ce sun san da ita, tana cikin ayyukan da ke jiran layi, amma in ba shiyya ce ta zaɓe ta bana ba, sai dai ta ci gaba da jira. Aka tafa wa Baba sosai.

Sai wata ma'aikaciya mai gilashi, ita ce mai tafiyar da zaman, ta ce a ɗaga hannu. Rufin kasuwa, arba'in da takwas. Fitilu, talatin da biyar. Katanga.

Baba ya ɗaga hannunsa.

"Ɗaya," in ji ta.

"'Yata, ba ɗaya ba ne. Gida talatin da ɗaya ne a hannun nan."

"Na ji, Baba. Amma hannu aka ce in ƙirga."

Ya dube ta, ya jingine sandarsa, ya ɗaga ɗaya hannun. Zauren ya fashe da dariya. Wani daga cikin masu babur ya ce, "Baba, ƙara da ƙafa!" Ina tsaye a taga na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wasu mata biyu da ba mu san su ba, tausayi ya kama su, suka ɗaga. Katanga uku. Fentin shataletale biyu, mai kantin da ƙaninsa. Da hannu ɗaya tak muka tsallake zuwa zama na biyu, kuma hannun ba na lungunmu ba ne.

Baba ya dawo ya shige ɗaki ya rufe. Ko zaman ƙofar gida da yake yi da yamma ya daina.

Washegari Mai Haya ya zo. Shi ke da ɗakuna shidan nan na gindin katanga. Ya tsaya tsakiyar lungu yana kaɗa makullin motarsa, yana magana da ƙarfi don kowa ya ji.

"To, kun kai kanku. Da can wa ya san da ku? Yanzu kun je kun faɗa wa hukuma da bakinku cewa wurin nan ba ya zaunuwa. Ku jira jan fenti. Ranar da suka zo suka shafa a ƙofa, ba katanga za su gyara ba, ku za su kwashe." Ya juya wajen rumfa. "Mai Guga, an ce ke kika fara ganin abin? Sannu da ido. In aka rushe, sai ki goge wa sararin Allah riga."

Gwaggo ta ajiye dutsen guga. Tsoro ya zama biyu ke nan: katangar a bayanta, jan fenti a gabanta.

Ni kuwa na zauna na yi lissafi. Manya a lungunmu, maza da mata, casa'in da huɗu ne. Ko 'yan kasuwa sun ƙaro mutane, in muka fito mun fi su. Abu a fili. Na sake bin gida-gida ina faɗa musu: zaman nan ba irin gaisuwa ba ne, kowa hannunsa ake ƙirgawa. Amsar da na samu iri ɗaya ce kamar sun haɗa baki.

"Mu bi bayan Baba? Bayan dariyar da aka yi masa, mu kuma mu zo mu ƙara masa?"

"Ke yarinya ce," in ji matar mai facin taya. "Ba ki san abin kunya ba. Ya je ya dawo da uku, sai mu tashi mu ce kauce mu gwada? Da wane ido za mu kalle shi?"

Mutum bakwai suka ce min za su zo. Kafin magariba huɗu sun aiko cewa sun tuna suna da uzuri.

Ranar Laraba da la'asar ruwan farko ya sauka. Ba wani babban ruwa ba ne. Na fake a rumfar Gwaggo, tana goge wata farar riga. Sai na ji wani sauti a bayanmu kamar ana tsiyaya shayi. Na waiga. Ruwa ne ja, mai laka, yana fitowa daga cikin tsagar, ba daga sama ba, daga cikin katangar kanta. Muna kallo wani dutse kamar kan mutum ya zame daga mazauninsa, ya huda kwanon rumfa, ya dira kan teburin, tsakiyar farar rigar, tazarar tafin hannu daga inda hannunta yake.

Ba ta yi ihu ba. Ta tsaya da dutsen guga a sama, bakinta a buɗe, idonta a kan rigar. Sai da na janye ta zuwa tsakiyar lungu, cikin ruwa. Muka tsaya muna jiƙewa muna kallon katangar, muna jira. Ba ta faɗo ba. Da ruwan ya ɗauke, igiyar ta yi lanƙwasa har zanin da ke kanta yana taɓa ƙasa. Gwaggo ta je ta yi ƙulli na shida.

Da safe na same ta ta fitar da teburin waje, nesa da katanga, tana goge babbar rigar Baba Direba. Ba shi ya aiko ba, ita ta je ta karɓo wajen matarsa.

"Riƙe min," ta ce da ta gama. "Kada ta yamutse."

Muka tafi. Sau biyu tana tsayawa a hanya kamar za ta juya. Baba aminin mijinta ne, ya girme shi, don haka Yaya take ce masa, kuma ba ta taɓa haɗa ido da shi ba. Muka yi sallama. Yana zaune kan tabarma, rediyo a gefe a kashe. Ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Yaya, ga rigar jibi."

"Wa ya ce miki zan je zaman jibi? Shekara talatin ina tuƙa babbar mota, na shiga garuruwan da ba ku taɓa jin sunansu ba, ba a taɓa yi min dariya ba sai a garinmu. Mayar da ita."

Na buɗe baki zan fara kawo masa lissafina, Gwaggo ta taɓa ƙafata. Sai ta fara magana, kanta a ƙasa, muryar tana yankewa.

"Yaya, gafara na zo nema. Mu muka yi maka laifi."

"Ku kuma?"

"'Yar nan ta ce shugaban kasuwa da mutum arba'in da wani abu ya shiga a bayansa. Shugaban masu babur ma haka. Kai kuma, da ka girme su duka, muka sake ka ka shiga kai kaɗai kamar marar kowa. Ko mai riƙe maka sanda babu. Ba kai aka yi wa dariya ba, Yaya. Mu aka yi wa, da muka bar babbanmu ba rakiya."

Baba ya ɗago ya dube ta.

"Ba mu ce za mu yi magana ba," ta ci gaba. "Wa ya isa? Kai ne bakinmu. Mu dai a bar mu mu raka ka, mu zauna a bayanka."

Ya daɗe yana shafa gemu. "Rakiya," ya ce a hankali. "Rakiya ai ba raini ba ce."

"Girmamawa ce, Yaya."

"An ce dutse ya faɗo miki jiya."

"Kan tebur ya faɗo."

"Miƙo rigar nan." Ya juyo gare ni. "Ke mai ƙwai, tunda ƙafarki ba ta zama. Ki bi gida-gida ki ce in ji ni: duk wanda ya san na taɓa zuwa masa gaisuwa, ko biki, ko na fito masa da ɗa daga hannun hukuma, jibi ya zo ya raka ni. Wanda bai zo ba, na gane."

Saƙon Baba ya yi abin da lissafina ya kasa. Ranar Asabar da hantsi, hadari ya haɗe gabas baƙi ƙirin, mutane suka fara fitowa. Mai faci ya rufe rumfarsa. Mata suka goya yara. Na tsaya a bakin lungu ina ƙirgawa: saba'in da ɗaya. Mai Haya yana jingine da motarsa yana kallonmu.

"A sauka lafiya," ya ce. "Ku tsaya a hanya ku sayo musu fentin, kada su wahala."

Wasu suka rage tafiya. Baba bai ko waiga ba, sai aka bi shi.

A ƙofar zauren Gwaggo ta toge. Ta hango dogon tebur, mutum huɗu a bayansa, kowa da biro.

"'Yar nan, ni zan jira a nan. Ai na rako."

"Na waje ba a ƙirga shi, Gwaggo."

"Ƙafata ta ƙi."

Na saƙalo hannunta na ja ta kamar mai kai yaro allura. Muka samu benci can baya. Baba yana layin gaba, rigarsa tana sheƙi. 'Yan kasuwa su ma ba su yi barci ba, sun ƙaro mutane har da masu dako. Ina ta ƙirga ƙeyoyinsu, lissafin yana ƙin yi min daɗi.

Baba ya yi magana, gajeriya wannan karon. Aka yi tsawa a waje, fitilar zauren ta ɗauke ta dawo. Na ga Gwaggo ta rufe ido, na san inda hankalinta yake: ɗakuna biyar na maƙwabtanta, da tsofaffi biyu da aka bari a ciki suna jiran yara.

Ma'aikaciya mai gilashi ta ce a ɗaga hannu. Fitilu, ashirin da tara. Rufin kasuwa, ta bi layi-layi, sittin da takwas. Suka yi shewa. Sittin da takwas, mu saba'in da ɗaya. Ko mutum huɗu suka fita fitsari mun faɗi.

"Katanga."

Baba ya ɗaga hannu. Na ɗaga nawa. Na duba dama, na duba hagu. Mutanenmu suna zaune, hannu a cinya, kai a sunkuye. Haka ɗan rakiya yake yi in babba yana aiki: ya nutsu, ya yi ladabi, kada ya sa baki. Rakiya aka ce musu, rakiya suke yi tsakani da Allah.

"Ɗaya," in ji ma'aikaciyar. "Biyu. Uku, huɗu." Samari biyu ne suka bi ni. Ta ɗaga kai tana dubawa. "Akwai saura?"

"Ku ɗaga mana!" na ce da matar mai faci.

"Baba ya ɗaga," ta raɗa min, har da harara.

Baba kuwa yana gaba, ya ba mu baya, bai san abin da ke faruwa ba. Biron ma'aikaciyar ya sauka kan takarda.

Sai bencinmu ya motsa. Gwaggo ce ta miƙe, ta dafe bencin gaba da hannu biyu. Ba tebur ta kalla ba, ba za ta iya ba. Ƙeyar Baba ta kalla. Muryar da ta fito ban taɓa jin ta ba, siririya, a tsage.

"Yaya! Yaya, juyo ka gani!"

Baba ya juyo da hannunsa a sama. Ya ga mutanensa jere, kowa hannu a cinya. Idonsa ya yi ja.

"Kai! Kallo kuka zo yi? Ni na ce ku rako ni ku zauna kamar buhuna? Duk mai hannu ya ɗaga shi! Ke matar mai faci, naki ciwo yake?"

Hannuwa suka tashi kamar an kunna su. Ma'aikaciyar ta sauko daga bayan tebur ta bi layi tana taɓa iska da biro. Ina ƙirgawa tare da ita a zuci. Ta wuce sittin da takwas. Ta tsaya.

"Saba'in."

Saba'in? Na san abin da na ƙirga a bakin lungu. Na waiga. Gwaggo tana nan tsaye, ta ƙanƙame benci da hannu biyu, ta manta.

"Mama," in ji ma'aikaciyar a hankali, tana tsaye dab da ita, "ke fa?"

Gwaggo ta saki benci. Hannun mai tabon ƙuna ya tashi kaɗan-kaɗan har ya kai kunnenta.

"Saba'in da ɗaya."

Shugaban kasuwa ya yi ƙwafa, ya ce baɗi za mu gani. Mu ba mu tsaya murna ba, ruwa ya fara, muka ruga lungu mu ga ko tana tsaye. Tana tsaye.

Kada ka ɗauka tsoro ya ƙare a nan. Ranar Litinin injiniya ya zo da mutum biyu da gwangwanin jan fenti. Ya duba tsagar, ya duba dutsen da ya faɗo, bai yi doguwar magana ba. Suka shafa alama a ƙofa shida, suka fara da ta Gwaggo. Ta zauna daɓas a ƙasa. Mai Haya ya tafa hannu ya ce, "Ban faɗa ba?" Wata maƙwabciya ta dubi Gwaggo ta ce, "To, kin ga abin da idonki ya jawo mana."

Baba ya sa injiniyan ya maimaita a gaban kowa, har sau biyu, cewa ba rusau ba ne, tashi ne na ɗan lokaci har a gama aiki, kuma kowa ɗakinsa zai koma. Ba kowa ya yarda ba. Gwaggo ma ba ta yarda ba. Baba ya rarraba iyalai biyar ɗin a gidajen lungu, ita kuma na kai ta ɗakin da nake ajiye ƙwai. A nan ta kafa teburinta tsakanin kiret-kiret, kullum tana tambayata, "Kin wuce ta can? Ƙofar tana nan?"

Kayan aiki ba su iso da wuri ba, ka san takardun hukuma. Ana cikin jira, wata Alhamis da azahar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Muka ji wani rugugi mai nauyi, har ƙwai suka motsa a kiret. Da ruwa ya tsagaita muka fita. Rabin katangar na sama ya zubo. Rumfar Gwaggo babu ita, rufin ɗakinta ya lotsa ciki, ɗaki na biyu ya cika da laka har taga. Ba kowa a ciki. Jan fentin yana nan a ƙofar da ta karkace.

Mutane suna ta salati. Gwaggo ta tsaya tana kallon inda teburinta yake a da, tudun dutse ne yanzu, wutsiyar igiyar ta leƙo daga ƙarƙashi da ƙullinta.

"Alhamis ce," ta ce, ba da kowa take ba. "Da yanzu ina kan wandon malamin makaranta."

Maƙwabciyar nan da ta yi mata gori ta zo ta tsaya kusa da ita, ta kama hannunta.

Wata huɗu aka yi ana aiki. Sabuwar katangar ta kankare ce da rodi, da bututu a jikinta don ruwa ya samu hanya. Mai Haya ya gyara rufinsa yana mita, amma ya gyara, don Baba kullum yana zaune a ƙofar gida yana kallonsa. Gwaggo ta koma ɗakinta. Kafin leburori su tashi ta aike ni, don ita ba za ta iya ba, in roƙe su su kafa mata zoben ƙarfe a jikin katangar. Suka kafa. Ta ɗaura sabuwar waya.

Har yau matsoraciya ce. Ta juya teburinta, ba ta ƙara ba katanga baya ba. Kowace safiya kafin ta hura gawayi sai ta je ta sa yatsa ta ja igiyar ta saki, ta saurari ƙararta. Ni ma in na wuce sai na duba. Ƙulli babu ko ɗaya.

Motar lasifikar ta fara zagayawa kuma, zaman bana ya matso. Baba ya riga ya aiko a goge masa riga, ya kuma ce a faɗa wa 'yan rakiya su zo da hannuwansu.

Kai ma ina roƙonka ka gwada. Ka tambaya yaushe ake irin wannan zaman a shiyyarku, a wane zaure, da ƙarfe nawa. Kada ka ce an tura wani. Ka je da ƙafarka, ka ɗauki na gidanku har da wanda ƙafarsa ke ƙi a bakin ƙofa, in an zo kan abin da ke hana ku sukuni ka ɗaga hannunka sama sosai, inda mai ƙirga za ta gan shi.